Injin Malam Altine Lafiyarsa Ƙalau

Ku da aka turo mini koyon gyaran inji bana, na lura da irin kallon da kuke yi wa injin ban ruwa. Kallon raini ne. Ɗan abu ne da mutum ɗaya zai ɗaure a bayan mashin ya tafi da shi, filogi ɗaya, fistan ɗaya, igiyar tayarwa ɗaya. Wani daga cikinku ma ya ce mini a mako biyu zai haddace shi, tunda ya riga ya kalla a waya. Ban musa masa ba. A mako biyu za ka iya kwance shi ka mayar, ko noti ɗaya bai yi saura a tire ba. Na san wanda ya yi hakan a kwana goma, kuma yau ba ya cikin sana'ar. Labarinsa zan ba ku, amma sai na fara da nawa, in ba haka ba ba za ku gane abin da na yi masa ba.

Shekara tara na yi a hannun marigayi Baba Bawa a nan Argungu. Biyun farko ban riƙe sifana ba sai dai in miƙa masa. Aikina wanke kayan inji a kwanon fetur da tsohon buroshin haƙori, har fatar yatsuna ta yi fari tana saɓulewa. A shekara ta uku ya bar ni na buɗe kafireto. A ta huɗu na sa ringin fistan da hannuna, na karya biyu, na sha ranƙwashi biyu. Ban taɓa jin an zalunce ni ba, domin kowa haka ya koya.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Aikin shago ana koya wa duk wanda ya zo. Aikin fadama kuwa sai wanda maigida ya yanke a ransa cewa nasa ne. Dalilin a fili yake: a fadama manoma suke, wanda ya san gonakinsu ya san rijiyoyinsu shi ne zai gaji cinikinsu. Don haka kana iya shekara huɗu kana kallon maigida yana hawa mashin yana tafiya, ba ka san me yake yi a can ba.

Aikin farko da ya tafi da ni wata gonar albasa ce a Gulma, cikin zafin bazara. Rijiyar irin ta bututu ce, wadda ake kafa bututun roba a ƙasa a jona masa mesa, inji ya zuƙo. Injin yana tashi lafiya, ya ja ruwa kaɗan, sai ya saki, mesar ta yi ta tari. Ni da rawar jiki har na buɗe jakar kayan aiki. Baba Bawa ya doke mini hannu. Ya cire mesar daga bakin bututun, ya zaro wata igiya daga aljihu, an ɗaura mata noti a ƙarshe, ya zura ta a hankali har ya ji notin ya taɓa ruwa. Ya jawo ta ya auna da hannunsa, gaba bayan gaba. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Injin ga lahiyatai lau," in ji shi. "Ruwan na sunka yi ƙasa. Ɗauko shebur."

Na haƙa rami a gindin bututun har ya kai mini ƙugu. Muka yanke bututun daga ƙasa, muka saukar da injin cikin ramin, muka ɗura masa ruwa, na ja igiya. Ruwa ya fito da ƙarfin da ya kusa fizge mesar daga hannun mai gonar. Abin da na koya ran nan shi ne, wannan injin yana da iyakar nisan da zai iya zuƙowa, kamar tsayin mutum huɗu. In ruwa ya wuce nan, ko yau aka ciro shi daga kwali ba zai ja ba. Ba a gyara shi, kusantar da shi ake yi.

Amma akwai abin da Baba Bawa ya yi yayin da nake haƙa. Ya zauna ya kwance kafireton da ba abin da ya same shi, ya hura, ya goge, ya girgiza kai kamar ya ga abin mamaki, ya mayar. A hanyar komawa na tambaye shi dalili.

"In manomi ya gane rami na maganin, gobe ba shi kiranka. Taɓa injin ko da kaɗan, ka ce ramin taimako na. Kuma kak ka hwaɗa ma kowa cikin shago."

Ban faɗa ba. Na ji kaina ya yi girma, na riƙe maganar kamar gadon gida, na yi ta aiki da ita shekara da shekaru.

Sauran aikin kuwa duk halin manomi ne. Akwai wanda ba ya canza baƙin mai sai ya koma kamar kwalta, in inji ya kama ya ce ido aka yi masa. Akwai wanda zai tayar da inji babu ruwa a cikinsa ya tafi salla, ya dawo sil, abin da ke hana ruwa yoyo, ya ƙone, ya rantse maka minti ɗaya kawai ya yi. Akwai mai sayen fetur a galan ɗin da aka ɗebi ruwa da shi jiya. Wani dattijo daga Augie ya taɓa kawo mini inji a cikin buhu, gunduwa-gunduwa, ya ce ɗansa ne ya ɗan duba. Duk waɗannan za ku gamu da su, kuma maganinsu yana cikin jakar kayan aiki da kuma haƙuri. Za ku koyi ɗaure bakin mesa da yankin tsohon tif na taya har iska ta rasa ta inda za ta shiga, za ku koyi gane ciwon inji daga kukansa tun mai shi bai sauke shi daga mashin ba.

Ina da shagona, na yi suna daidai gwargwado, sai wata rana mota ta tsaya a bakin titi, wata mata mai suna Malama Rabi ta fito da takardu. Ta ce daga Birnin Kebbi suke, suna da shirin koya wa matasa sana'a. Za su ba ni yara uku in koya musu na wata shida, daga nan a ba su takardar shaida da akwatin kayan aiki su je su tsaya da ƙafarsu. Na sa ta maimaita. Wata shida. Na kalli yatsuna, na tuna kwanon fetur. Amma na karɓa, domin in ban karɓa ba maƙwabcina zai karɓa, kuma za a kafa masa allo a bakin shago.

Biyu daga cikinsu ba su daɗe ba, ɗaya ya samu gurbin karatu, ɗaya ya gaji da baƙin mai. Na ukun shi ne Muntari, ɗan Augie, ya gama sakandare, shekarunsa za su kai ashirin. Dogo ne, marar yawan dariya, kullum da ɗan littafi a aljihun gaba. Komai na faɗa sai ya rubuta, har na riƙa tsokanarsa ina cewa ya rubuta atishawata ma. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Shi ne wanda ya kwance inji ya mayar a kwana goma. Bai taɓa karya ringi ba. In ya wanke kafireto sai ka ji kamar ka sha ruwa a ciki. Abin ya riƙa burge ni yana kuma ba ni haushi a lokaci guda, kuma haushin ya fi yawa.

Duk sanda na ɗaure jaka a mashin sai ya fito bakin ƙofa.

"Maigida, yaushe za ka tahi da ni hwadama?"

"In ka shekara biyar."

"Ai wata shidda anka ba mu."

"To ka ga ba ni na yanke ba."

Sai ya yi murmushi ya koma ciki, yana zaton wasa nake yi.

Da wata shida suka cika Malama Rabi ta dawo da takarda mai layi-layi. Ya iya kwance inji? Ya iya. Ya iya sa ringi, canza sil, wanke kafireto, gyara wuta? Ya iya. Duk abin da na amsa gaskiya ne, domin babu layin da ya yi maganar aikin fadama. Wanda ya tsara takardar bai san akwai shi ba. Da ta gama sai ta ɗago kai ta tambaye ni da bakinta.

"Malam Attahiru, akwai wani abu da ya rage wanda ya kamata ya sani kafin mu sallame shi?"

Na ce babu, na sa hannu.

An yi bikin yaye su a wani ɗakin taro a Birnin Kebbi, har aka kira ni na tsaya aka ɗauke mu hoto. Muntari ya buɗe mini akwatinsa yana ta murna. Sifanu a jere suna ƙyalli, filaya, sukudireba, abin kwance filogi, komai sabo. Na duba sama na duba ƙasa, babu igiya mai noti. Tawa tana cikin aljihuna a lokacin, ina jin notin yana taɓa cinyata. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ya koma Augie ya kafa rumfa, kuma labari ya riƙa zuwa mini cewa aikinsa yana da kyau.

Sai ga mummunar shekara. Damina ta ɗauke da wuri, gulbi bai cika ba, kafin tsakiyar bazara ruwan ƙasa ya sauka a wuraren da ban taɓa sanin ya sauka ba. A wannan shekarar ne wani mutumin Augie, Malam Altine, ya shiga noman rani. Masunci ne tun tasowarsa, kifi ya yi ƙaranci, ya sayar da jirginsa ya kafa rijiyar bututu ya sayi tsohon inji ya shuka shinkafa. Maƙwabtan gonarsa duk daga wani tafki suke ja, shi kaɗai ne mai bututu a wannan gefen, don haka babu wanda zai ce masa ga abin da ke faruwa. Shinkafar ta yi ciki, tana gab da fitar da kai, lokacin da ko kwana uku ba ta jure ƙishi. Sai injin ya fara jan ruwa yana saki. Injin tsoho ne, yana hayaƙi, kowa ya ɗora masa laifi. Malam Altine ya kira Muntari.

A rana ta biyu Muntari ya bugo mini waya. Da azahar ne, bencin shagona cike da masu jiran gyara da masu zaman hira.

"Maigida, ina wuni. Wani inji na ya gagare ni. Shina tashi lau, shi ja ruwa kaɗan, sai shi saki. Na canza sil, na sake ɗaure mesa sau ukku, na duba hwankar ciki, ba ta ci ba. Mi ar rage?"

Tun bai kai ƙarshe ba na san amsar. Kalma huɗu ce ko biyar: auna ruwan, haƙa rami. Amma ga benci cike da mutane suna saurare, ga shekara tara a ƙirjina. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ba sun ba ka takarda ba? Buɗe ta ka tambaye ta mana."

Benci ya kwashe da dariya. Na san ya ji dariyar. Ya ce, "To, Maigida. Na gode." Ya kashe wayar.

Na gaya wa kaina zan bar shi ya yi gumi na kwana ɗaya, gobe in je. Gobe ta zo na tafi aiki Gulma. Jibi na ce ai in yana so zai zo da ƙafarsa ya durƙusa ya tambaya kamar yadda muka yi. Ba wani abu ne ya hana ni ba, kada ku nema mini uzuri. Ina sane da lokacin da ake ciki, ina sane da abin da rana take yi wa shinkafa mai ciki, domin ni ma ɗan manomi ne. Bai sake bugowa ba, ni ma ban buga ba.

A rana ta biyar Malam Altine ya zo da kansa, leɓɓansa sun bushe.

"Attahiru, don Allah ka taimake ni. Shinkahwata na mutuwa. Yaron ga naka kwana biyar shina kwance inji shina ɗaurawa, ko ɗigo babu. Yau da sahe ƙannena sunka kore shi."

Muka hau mashin. Tun daga nesa na ga gonar ta bambanta da na kusa da ita. Ƙasar fangalolin ta tsage, ganyen ya nannaɗe, kawunan da suka samu fitowa sun yi fari fat, ba komai a cikinsu. Injin yana kan buhu a gindin bututun. Na duba aikin Muntari ɗaya bayan ɗaya. Sil ya zauna daidai. Ringi sababbi, ya sa su yadda ya kamata. Ɗaurin mesarsa ya fi nawa kyau. Wannan tsohon injin bai taɓa samun lafiya irin ta ranar ba. Na zura igiyata, notin ya yi ta tafiya kafin ya taɓa ruwa.

Na sa ƙannen Malam Altine suka haƙa rami. Kuma yayin da suke haƙa, hannuna ya yi abin da ya saba. Na zauna na kwance kafireton da Muntari ya wanke tas, na hura, na girgiza kai, na mayar. Ban ma yi shawara da zuciyata ba. Muka saukar da injin, ruwa ya fito kafin la'asar. Ya ceci fangalolin da ke can ƙasa, 'yan kaɗan. Sauran sai dai dabbobi.

Malam Altine ya tsaya yana kallon ruwan yana bin tsagar ƙasa.

"Ka gani? Sa'a guda. Yaron ga ya kashe ni, Attahiru."

A nan ne ya kamata in ce masa injinka lafiyarsa ƙalau, yaron bai ɓata komai ba, abin da bai sani ba ni na hana shi sani. Ban faɗa ba. Na ce sai haƙuri, na naɗe igiyata. A cikin abubuwa ukun da na yi, sa hannu da wayar da wannan shirun, shirun ne ya fi damuna, domin a lokacin na riga na ga gonar da idona.

Labari ya zagaye Augie cewa Attahiru ya gyara a sa'a guda abin da yaron ya lalata a kwana biyar. Aka sa masa suna makanikin takarda. Babu wanda ya sake kai masa ko filogi. Ni kuwa aiki ya ƙaru mini daga wannan gefen, na kuma karɓa. Kafin ruwan farko ya sauka aka ce ya rufe rumfa ya tafi kudu. Malama Rabi ta zo bibiyar waɗanda suka yaye, ta tambaye ni me ya faru da yaron da ta fi sa rai a kansa. Na ce mata yaran yanzu ba su da juriya. Ta rubuta.

Shekara bakwai bayan haka na je Birnin Kebbi sayen kayan gyara, na ce bari in leƙa 'yata da ke aure a unguwar Badariya. Na tsayar da keke mai ƙafa uku na shiga da jakata. Direban ya waiwayo, ya cire hular kansa ya mayar.

"Maigida? Ina wuni. Muntari na."

Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi shago, har ya tambayi ko bencin nan yana nan. Ya ce ya yi dako a kudu, ya yi gadi, bara ya dawo aka ba shi keken yana ja, yana da mata da 'ya'ya biyu. Babu ɗaci ko kaɗan a muryarsa. Muna cikin tafiya sai ya rage gudu.

"Maigida, akwai abin da ni daɗe ina son in tambaye ka. Injin nan na Malam Altine. Anka ce kahireto ka taɓa. Ni kuwa sau huɗu ina wanke shi. Har yau in na zauna sai in kwance injin ga cikin kaina, in bi shi ɗaya ɗaya, ban ga inda ni kuskure ba. Mi as same shi?"

Na yi niyyar in ce na manta. Bakina ya ƙi. Na gaya masa komai a cikin keken nan: igiya da noti, iyakar zuƙon inji, ramin, kafireton da na kwance don idon mutane. Na gaya masa na san amsar tun yana magana a waya.

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kashe keken.

"Ashe ba ni ɓata shi ba."

"Ba ka ɓata komi ba. Ban taɓa ganin gyara kamar naka ba."

Na ce masa ya yafe mini. Na ce shagon yana nan, ya dawo, gobe ma in ya so mu tafi fadama. Ya ce ya yafe, ya faɗa a sauƙaƙe kamar yana amsa gaisuwa. Maganar dawowa kuwa, tafin hannunsa kawai ya juya ya kalla. Sannan ya tayar da keken ya kai ni har ƙofar gidan, ya sauke mini jaka. Har ya hau zai tafi sai ya leƙo.

"Ka san wani abu, Maigida? Akwai shebur nan gonar. Kullum da sahe da shi nika share wurin da zan shimhiɗa kayan injin."

Wata mata ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, ya juya keken ya je ya ɗauke ta.